Turmin da Inna ta kai Ɗa'ifa

Mun tashi da asuba, ranarmu ta uku kuma ta ƙarshe a gandun shaƙatawa na ƙasa da ke bayan Ɗa'ifa. Ruwan jarka ya yi sanyin da babu mai iya alwala da shi sai da matata ta ɗumama. Mu 'yan Jidda da zufa muka saba, don haka yarana biyu a naɗe cikin bargo suka yi sallah. Ni dai ba sanyi ne ya dame ni ba. Tun jiya ƙanena ya turo saƙo cewa ya gama kwashe kaya, motocin rusau kuma sun shiga layinmu na unguwar Karantina a Jidda. Gidanmu ya tafi, kuma mahaifiyata kaɗai ce ba a gaya wa ba.

Abin da ya kawo mu ke nan. Inna ta sha cewa ba za ta bar gidan nan ba sai a makara, a can ta haife mu, a can Baba ya rasu. Sai muka ce mata an ɗaga rusau zuwa bayan sallah, ta zo ta sha iskar dutse. Ba ta yi musu ba. Sharaɗinta ɗaya, a saka mata turminta da taɓarya a mota.

Na yi mita ba kaɗan ba. Jama'a na zuwa gandu da kujerun naɗewa da murhun gas, mu mun zo da turmin da uwarta ta bar mata, mai nauyin mutum guda. Kowace safiya tana daka yaji a ƙarƙashin bishiya, masu tantin kusa da mu suna leƙe. Wata Balarabiya har hoto ta ɗauka, ta tafi da yajin a leda.

Muka karya da burodin tamis da waken ful, muka sauke tanti. Kafin mu shiga mota Inna ta ɗauki tsintsiya ta share wurin da muka kwana tas, ta tsaya tana kallonsa. Na so in faɗa mata a nan, bakina ya ƙi.

Hanyar Hada, wadda ake bi a sauko daga Ɗa'ifa, lanƙwasa ce bisa lanƙwasa, hazo na kwance a kan duwatsu. Birai sun cika bakin titi, ɗaya ya fizge biskit daga hannun ƙaramin ɗana, ya zauna yana ci ko kunya babu. Inna ta yi dariya har da hawaye, ni kuwa dariyar nan ta fi komai yi mini ciwo. Muka tsaya wurin mai rumman da zuma, tsada kamar me, amma ta ce in saya da yawa. Na ce a raina na maƙwabta ne, maƙwabtan da yanzu kowa ya kama gabansa.

Muna sauka daga dutse zafi ya karɓe mu. Da muka shigo Jidda, inda ya kamata in yi kudu zuwa Karantina sai na miƙe. Can gaba na gangara gefe na tsaya.

Na ce, "Inna, akwai maganar da ban..."

Ta ce, "Yalla, mu je, tuƙa motarka. Halas, shi ke nan, na sani."

Na waiwayo. Ta gyara mayafinta ta ce, "Wa ka taɓa gani ya tafi shan iska da turmi? Ranar da za mu taho na bi gida-gida na nemi gafarar mutane. Na ga kun wahala wajen shirya ƙaryar, shi ya sa na bar ku da ita. Rumman ɗin na sababbin maƙwabta ne."

Kuka ya ƙwace mini a gaban 'ya'yana. Ita ce ta dafa kafaɗata tana ba ni haƙuri.

Sabon gidan haya ne, hawa na uku. Ni da ƙanena muka hau da turmin muna nishi. Tafiyar nan ta koya mini cewa kwana ukun da na ɗauka ina lallaɓa Inna, ita ce ke lallaɓa ni, kuma na hana ta yin kukanta a fili.

Ta sa aka ajiye turmin a tsakar ɗaki, ta ɗaga taɓarya don ta ji yadda ƙasan yake. Sai ta tsaya ta tambayi wa ke zaune a ƙarƙashinmu. Ƙanena ya ce wasu ne masu jariri.

Inna ta jingine taɓaryar da bango. Ta kife turmin, ta zauna a kansa.