Na kai suna Lyon, na dawo da shi

Habibu, ɗan wana marigayi Mamman Sani, wanda na riƙe tun yana shekara shida, ya sa wa ɗansa suna bai gaya mini ba. Ya bari na yi tafiyar kilomita ɗari huɗu da sittin, sannan ya faɗa mini a gidan cin abincin Sipaniyawa. Laifin ke nan. Na rubuta yadda tafiyar ta kasance ne don ku na Maradi ku daina bugo mini waya kuna tambaya ko an mayar da sunan Sani. Ba a mayar ba.

Stains, inda nake zaune, Asabar, biyar da minti goma na asuba

Na nemi hutun kwana biyu a Rungis, kasuwar da nake sauke kayan gwari shekara ashirin da huɗu. Shef ɗinmu, wato mai gidanmu a wurin aiki, ya ɓata rai, amma ya ba ni. Hadiza, mai ɗakina, ta ɗaure mini dabino kilo biyu, goro, da turmin atamfa na mai jego. A bakin ƙofa ta ce, "Malam, ka kira shi ka ji ko sun shirya." Na ce mata uba ba ya neman izinin zuwa suna. Ran da aka haihu ya bugo ya ce namiji ne, na ce Allah ya raya, ina nan tafe da sunan. Ya ce to. Wannan to ɗin na riƙe.

Kun san 'ya'yana uku duk mata ne, abin da suka haifa dangin mazajensu ke raɗa wa suna. Shekara ashirin da biyu sunan Sani bai koma kan kowa ba a gidanmu. Wannan yaron nake jira.

Bis zuwa Saint-Denis, metro biyu ta ƙarƙashin ƙasa, shida da rabi ina gar ta Bercy, tashar motocin Lyon. Na yi asuba a jikin bango, kan kwali.

Hanya

Kar ɗin, babbar motar fasinja, ta tashi bakwai daidai, tike yuro goma sha tara. Jirgin ƙasa awa biyu ne kawai, amma kuɗinsa ya ninka wannan sau huɗu. Direban ɗan Maroko ne, ya ga hulata ya yi mini sallama, ya ce in zauna gaba don ƙafata ta miƙe. Allah ya saka masa. Mun tsaya kusa da Auxerre tara da kwata, minti ashirin. Kofi yuro biyu da rabi, ruwan zafi ne mai launi.

Sha biyu da rabi, kafin Lyon, 'yan duwan, wato kwastan, suka tare mu da kare. Karen ya tsaya kan jakata. Wani saurayi cikinsu ya buɗe, ya ɗaga goro ɗaya ya ce mene ne wannan. Na ce na rabon suna ne, gobe za a raɗa wa jikana. Ya yi murmushi ya ce, "Wane suna?" Na ce, "A wurinmu ba a faɗa sai ran bakwai." Ya rufe jakar da kansa.

Lyon, ɗaya da minti ashirin

Habibu na jirana a gar ta Perrache. Ya karɓi jakar, ya tambayi Hadiza da ƙannensa, amma idonsa bai tsaya kan nawa ba. Muka hau tram zuwa La Guillotière, unguwar da surukinsa Alhaji Lawali, mahaifin matarsa Mariama, mutumin Damagaram, ke da kanti. Na ɗauka gida za mu. Sai ya ce, "Baba, gida ya cika da mata. Mu fara cin abinci, akwai wani wuri nan kusa da kogi."

Ban so ba. Baƙo ƙofar gida yake fara gani. Amma na bi shi.

Gidan abincin

Tapas suke kiransa. Da shiga na ga cinyoyin alade bakwai rataye bisa kanta. Na tsaya. Ya ce, "Ba ruwanmu da su, Baba, akwai kifi da kayan lambu." Kujerun dogaye ne, mutum na zaune ƙafarsa na lilo kamar ta yaro. An rubuta abincin da alli a kan allo, kiɗa na tashi ƙasa ƙasa, ko'ina Turawa ne suna hira. Ya gaya wa yarinyar da ke kawo abinci, ba alade, ba giya. Ta ce ta gane.

Sai ta fara jera mana 'yan faranti, kowane bai fi tafin hannuna ba. Zaitun. Burodin da aka goga wa tumatir. Soyayyen dankali da jan yaji a kai. Wainar ƙwai da dankali, yanka ɗaya. Jatan lande biyar cikin mai da tafarnuwa, suna ta tafasa. Sai ƙananan tattasai kore da gishiri, na ƙirga takwas, yuro shida. Waɗannan na san su, akwati akwati nake sauke su daga motocin Sipaniya, ban taɓa sa ɗaya a baki ba.

Na ce, "Wanne ne nawa?"

Ya ce, "Duka namu ne. Tare ake ci, kamar a gida."

Gaskiya wainar ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ci loma biyu. Sannan na ce, "Gobe bayan asuba ka kawo mini yaron in yi masa huɗuba kafin malamai su zo. Mamman Sani."

Ya ajiye cokali mai yatsu. Ya ce, "Baba, an riga an rubuta. Ran Laraba, a meri. Ka san kwana biyar doka ta ba mu."

Na san dokar, a meri, ofishin magajin gari, ake rubuta haihuwa. Ni ma a ƙasar nan na haihu sau uku. Kowane lokaci sai na kira Maradi, an ba ni sunan ta waya, na kai shi meri a asirce, ran bakwai a faɗa wa jama'a.

Na ce, "Wa aka rubuta?"

"Adam."

"Wa ya zaɓa?"

"Ni da Mariama. Alhaji ya yi masa huɗuba." Ya shiga Faransanci, ya dawo Hausa. Ya ce takardar neman aiki nawa ya aika kafin a kira shi sau ɗaya, duk saboda suna. Ba ya so ɗansa ya sha abin da ya sha. Adam sunan Annabi ne, kuma Bature ba ya tuntuɓe da shi. Ya ce ya ɗauki waya sau uku zai kira ni, ya kasa.

Yarinyar ta zo ta tambaya ko komai lafiya. Habibu ya ce lafiya lau. Man jatan landen ya daina tafasa. Na dubi mutanen da ke kewaye da mu, sai na gane abin da ya sa ya kawo ni nan. A gaban Turawa tsoho ba ya faɗa.

Na sauko daga kujerar da ƙyar, na tsaya gabansa, na ce masa:

"Habibu, ka kawo ni inda ba zan iya ɗaga murya ba. Shekara ashirin da biyu kana gabana, yaushe na taɓa ɗaga maka murya? Adam suna ne mai kyau, ban ƙi shi ba. Da ka kira ni daga ƙofar meri ka ce Baba ga abin da nake so, da na ji zafi kwana biyu, na ce Allah ya raya. Amma surukinka ya sani, matan da suka cika gidanka sun sani, Baturen meri ya sani, ni ka bar ni ina ɓoye wa ɗan duwan suna a hanya. Sani ya mutu, ba ya jin komai. Ni ke da rai, ni ka tsallake. Ɗauki jakar ka kai ni in ga yaron. Shi bai yi mini komai ba."