Littafin Likitan Soja

A unguwar Sharafiyya na tashi, can ƙasar Makka, a wani gidan haya mai hawa uku. Bayan magariba Kaka takan hau saman bene da kaskon gawayi, tana gasa masara, mu jikoki mun zagaye ta. Tana ƙarama iyayenta suka tako da ita a ƙafa zuwa Makka, amma labaranta duk na can gida ne. Ta yi mana Hausa, mu amsa da Larabci.

Akwai wanda ta fi maimaitawa. Mahaifinta, Barau, ya yi soja a zamanin Turawa, harsashi ya same shi a cinya. Wani likitan soja, mutumin Sikotlan, ya ciro harsashin, ya hana a yanke ƙafar. Barau na jinya, likitan kan zauna bakin gadonsa yana tambayarsa labarin garinsu: wa ya kafa shi, wane yaƙi ya cinye shi, ina mutanen suka watse. Daga baya ma ya ajiye aikin asibiti, ya koma rubuta tarihi.

"Da ƙafar da ya gyara aka kawo ni nan," in ji Kaka. "Kuma sunan babana yana cikin littafinsa. Da bakinsa ya yi masa alkawari."

Da na shiga jami'a na iya Turanci, sai ta fara roƙona in nemo littafin. So take kawai a karanta mata ta ji sunan. Na ce to, har shekara ta zagayo. A raina tatsuniya ce irin ta tsofaffi. Ran nan ta tare ni ina sauri, na ce, "Halas ya Sitti, shi ke nan Kaka, na duba. Babu wannan littafin."

Ban duba ba. Sai ta sa mini albarka saboda wahalar da na sha. Ba ta ƙara ba da labarin ba, ko ga ƙannena.

Bayan rasuwarta, wata rana a ofis, na rubuta sunan garin a intanet. Ko shayina bai huce ba littafin ya fito. A babin garinsu, likitan ya gode wa wani soja mai suna Barau, wanda ya ba shi labarin yana kwance.

Na daɗe ina kallon shafin. Kasala ce ta sa na yi ƙaryar, kuma da a nan ta tsaya da na iya yafe wa kaina. Abin da ke cina shi ne Kaka ta yarda da ni, don ni ce mai karatu. Ta rasu tana zaton an yaudari mahaifinta, ko kuwa shi ya yaudare ta.