Munkaila da Shamuwar Matameye

Duk wanda ya taɓa shiga motar Zinder daga tashar Matameye ya san Munkaila, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai ɗingishi da ke zaune a bakin rumfar kwano, yana ce wa fasinja saura mutum biyu mota ta tashi, ko da saura biyar. Kafin ya zama ɗan kamasho, direba ne. Ya daɗe yana jan mota tsakanin Zinder da Kano, har ranar da tayar gaba ta fashe masa, motar ta kife a gefen hanya. Ba wanda ya rasu, amma gwiwarsa ta dama ba ta sake yarda da tuƙi ba. Ya dawo gida, ya kama lodin motocin wasu, da damina kuma ya noma gonar da mahaifinsu ya bari a hanyar Kurni.

Yana da ƙane guda, Zainulabidin, wanda kowa ke kira Zainu. Shi ya tafi Amurka tun yana saurayi, yana tuƙa motar rarraba kaya, yana zaune gida ɗaya da wani ɗan Damagaram mai suna Abdurrazak. Wata rana da bazara, ana tsakar zafi, Zainu ya aiko da saƙon murya mai tsawo. Ya ce su da abokan aikinsu suna da wata gasa ta waya, ta wasan besbol, kuma mutum ɗaya ya fita, ana neman mai riƙe ƙungiyarsa.

"Na ba da sunanka, Yaya," in ji shi. "Ai zama kake yi a tasha."

Munkaila bai taɓa ganin besbol ba. Zainu ya yi masa bayani a hankali: ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya make ta da gora, ya ruga ya zagaye kusurwa huɗu ya dawo inda ya tashi, shi ke nan an ci ɗaya. Ƴan wasan kuma ba mutane ba ne. Na'ura ce ta ƙirƙiro su, ta ba su suna da shekaru da ƙarfi, suna gajiya, suna jin ciwo, suna tsufa. Aikin mai ƙungiya shi ne ya jera wanda zai fara bugu da wanda zai bi, ya zaɓi mai jifa, na'ura ta buga wasan, da safe a ga sakamako.

"Wato dai lodi ne," Munkaila ya ce. "Wa zai zauna gaba, wa zai zauna baya."

Ya sa wa ƙungiyar suna Shamuwar Matameye. Ta Zainu kuwa Damagaram.

Makonnin farko Shamuwa ba ta tashi ba. Munkaila ya yi firamare da Faransanci, wasan kuma da Turancin Ingilishi yake, sai ya riƙa jera ƴan wasa bisa daɗin sunansu a bakinsa. Sunayen ma ya sauya musu. Mai jifa Holloway ya koma Halilu. Wani gajere mai gudu, Benitez, matar Munkaila, Baiwa, ce ta ji an ambace shi tana dama fura, ta ce, "Binta?" Sunan ya bi shi har ƙarshen kakar. Kullum bayan sallar asuba Munkaila zai tsaya a ƙofar gida, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi kamawa, ya duba, ya yi tsaki, ya wuce tasha.

A tasha aka fara yi masa dariya, daga baya aka fara tambaya. Iliyasu mai shayi, wanda bai san komai a kan wasan ba kuma bai nemi sani ba, shi ya fi kowa ra'ayi. In an ci Shamuwa sai ya ce a kori Halilu. In Shamuwa ta ci sai ya ce ai ya faɗa. Direbobi na sauka daga Kano, kafin su tambayi lodi sai su ce, "Yaya Binta ya kwana?"

A hankali Munkaila ya gane abin da lambobin ke nufi. Ya gane ba a sa mai jifa ɗaya kwana biyu a jere, hannunsa zai mutu. Ya gane Binta ba ya iya bugu mai nisa amma kusan kullum yana isa kusurwar farko, sai ya maida shi gaba. Lokacin da ruwan shuka ya sauka, Shamuwa ta fara ci. Ya kan tafi gona da wayar ƙunshe a leda cikin aljihun riga, in ya zauna hutawa a gindin gawo sai ya saurari saƙonnin Zainu, waɗanda ba sa ƙarewa: wa ya kamata a saya, wa ya kamata a ajiye, yadda Abdurrazak ya cuce wani a musaya. Shi ma ya mayar da nasa, yana haki, hauya a kafaɗa.

Zuwa lokacin da gero ya kai gwiwa, Shamuwa ta hau ta biyar cikin ƙungiya goma sha biyu. Huɗun farko ne ke wucewa zagayen ƙarshe. Damagaram ce ta huɗu.

Sai wata safiya Munkaila ya leƙa jerin Damagaram, kamar yadda ya saba, ya ga wani ɗan wasa da jan tambarin ciwo a gefen sunansa, amma yana cikin masu bugu. Washegari yana nan. Jibi ma yana nan. Zainu mutum ne da ba ya barin jeri ya kwana ba a taɓa ba. Munkaila ya aika da saƙon murya, amsa ta zo a rubuce: lafiya lau, aiki ne. Ya kira, ba a ɗauka ba.

Da ya shiga gida ya gaya wa Baiwa.

"Don ɗan wasan waya kake wannan fuskar, Maigida?"

"Ba ɗan wasan ba ne. Zainu bai taɓa rubuto mini abin da zai iya faɗa da baki ba."

Ya nemi lambar Abdurrazak a cikin gasar, ya kira shi. Abdurrazak ya yi ta kwana-kwana, daga ƙarshe ya ce ciwon ciki ne ya kama Zainu a wurin aiki, aka kai shi asibiti, aka yi masa aiki a hanji. Yana samun sauƙi. Shi ya hana a faɗa wa gida.

Munkaila ya yi godiya, ya ajiye wayar. Ranar bai je tasha ba. Ya tafi gona ya yi ta cirar ciyawa har azahar, ya yi salla a can, sannan ya dawo ya sake kiran Abdurrazak, ya ce ya kai wa Zainu wayar.

"Yaya," muryar ta fito siririya.

"Ka bar gurgu a jeri kwana da kwanaki, Zainu."

Zainu ya fara dariya, ya tsaya, don ɗinkin na ja. "Ban so hankalinku ya tashi ba."

"To ya tashi. Me kake ci?"

"Ruwan romo. Babu gishiri."

Sai Zainu ya ce allon waya na sa shi jiri, ko Yaya zai riƙe masa Damagaram har ya warke. Ya karanto masa kalmar shiga.

Haka Munkaila ya wayi gari da ƙungiya biyu. Da safe ya jera Shamuwa, ya fita, ya shiga ya jera Damagaram. Da la'asar, lokacin da gari ya waye sosai a can, ya kira ya ba da rahoto: wa ya buga, wa ya faɗi, sannan ya tambayi zazzaɓi da abinci. Baiwa kan karɓi wayar ta yi masa faɗan rashin aure.

Matsalar ita ce ƙungiyoyin biyu za su haɗu a makon ƙarshe, kuma wadda ta yi rinjaye ita za ta wuce. Iliyasu ya ga hanya a buɗe.

"Ka zuba masa guragu gaba ɗaya mana. Wa zai sani? Mutum yana kwance."

"Ni zan sani," in ji Munkaila. Ya sha shayinsa.

Ya jera wa Shamuwa mafi kyawun abin da take da shi, Halilu ya huta sosai, Binta a gaba. Sannan ya shiga Damagaram ya zauna yana tunanin yadda za a kayar da Halilu, wanda ba wanda ya san rauninsa kamarsa: masu bugu da hagu suna wahalar da shi. Ya daɗe yana kallon allon. Ya zuba masu hagu.

Wasa uku aka yi. Shamuwa ta ci na farko. Damagaram ta ci na biyu. A na uku masu hagun suka yi wa Halilu kaca-kaca tun ba a je ko'ina ba. Munkaila ya karanta sakamakon a ƙofar gida, ya shiga ya gaya wa Baiwa.

"Kai ka ci kanka ke nan," ta ce.

"Haka ne."

"Binta fa?"

"Ya isa kusurwa sau biyu. Ba wanda ya kawo shi gida."

Ta ce Allah sarki, ta ci gaba da tankaɗe.

Shamuwar Matameye ta ƙare kakar a ta biyar. A tasha an yi kwana biyu ana gardama, wasu na cewa wauta ce, wasu na cewa haka ya dace, Iliyasu kuma yana cewa tun farko ya ce a kori Halilu.

An sallami Zainu ana gab da girbi. Ya karɓi Damagaram, ya shiga zagayen ƙarshe, ƙungiyar Abdurrazak ta fitar da shi a karon farko. Ranar Munkaila yana gona yana ɗaure damin gero, saƙon murya ya shigo. Muryar ta dawo da ƙarfinta, har da faɗa: Yaya ya gajiyar masa da masu jifa, ya sa su aiki kamar jakunan kasuwa, da wane hannu za su yi wasan ƙarshe?

Munkaila ya saurara har ƙarshe, ya danna ya ce, "Ka ci abinci tukuna." Ya mayar da wayar aljihu, ya taka damin da ƙafar hagu, ya ja igiya.