Shafi na Arba'in a Faifai Bakwai

Kowa a layin nan, Sakatariya yake kiranta, har mijinta idan yana son tsokanarta. Shekara ashirin da biyu ta yi tana buga tafireta a wani ofishi mai hawa biyu. Da aka sallame su, ta kama ɗan shago tsakanin mai gyaran agogo da tela, ta sa kwamfuta ɗaya da firinta da benci, ta koyi aikin tana da furfura. Yatsunta ba su taɓa yarda cewa tafiretar ta tafi ba. Dukan madannan take yi har tela ya leƙo ya ce, "Yaya, wa ya yi miki laifi?"

Tana da tsarinta. Duk wanda ta buga wa takarda sai ta zuba masa ita a faifan sidi, irin wanda ake rubutawa sau ɗaya. Abin da ya hau ya hau, ba ya gogewa, ba ya gyaruwa. In za a yi gyara, sai ta kwafo fayil ɗin cikin kwamfuta, ta gyara a can, ta zuba a sabon faifai. Kuma ba ta rubutu a jikin faifai, don wani ya taɓa ce mata tawada tana cinye shi. A jikin ambulan take sa suna da kwanan wata.

Cikin masu zuwa wurinta akwai wani tsohon direban jirgin ƙasa da idonsa ya fara rauni. Duk Litinin yake zuwa da sandarsa, ya zauna a bencin, ya yi ta faɗin tarihin rayuwarsa tana bugawa. Sun gama littafin tun watan farko, amma gyara ya ƙi ƙarewa.

"Sabon faifai kuma? 'Yar nan, ke da masu sayar da faifan nan kun haɗa baki."

"Baba, ai kai ne kake sauya magana kamar mai sauya riga."

Gyaran kusan duk a shafi na arba'in yake. Shafin na maganar 'yarsa ce, mai haɗa magani a wani asibiti, tafiyar awa huɗu daga nan. Lokacin da mahaifiyarta ta kwanta ciwon ajali ba ta zo ba sai bayan an binne ta. Tun daga ranar, shekara uku ke nan, gaisuwa kawai ke haɗa su. A faifan farko tsohon ya sa an rubuta: "Ta zaɓi aikinta, ta bar uwarta." Sakatariya ta buga yadda ya faɗa. A na uku ya ce a cire "ta bar uwarta". A na biyar ya ƙara cewa hanya ba ta da kyau a lokacin. Ranar da za a yi na bakwai ya daɗe yana murza kan sandarsa, sannan ya ce, "Rubuta. Ni na ɓoye mata. Duk sanda ta bugo waya sai in ce jikin da sauƙi, don kada ta bar jarrabawar da take yi a wurin aiki."

Wannan yake so 'yarsa ta karanta, don bakinsa ba zai iya faɗa mata ba. Ya riga ya yi magana da wani direban mota da zai kai mata saƙon a ranar.

Ana cikin haka ya tuna da wani labarin injin jirgi da ya mutu musu a kan gada, wanda ya sa aka cire bayan faifan farko. Yanzu kuma yana son a mayar. Sakatariya ta zaro faifan farko, ta saka, ta kwafo labarin, ta manna a sabon fayil, ta adana. Direban motar kuwa ya tsaya a bakin shago yana ta danna oda.

"Hajiya, fasinja za su cinye ni ɗanye!"

Ta danna maɓalli, faifai ya fito, ta jefa shi a sabon ambulan, ta rubuta "na bakwai", ta miƙa.

Sai da safe, tana share tebur, ta ga ambulan na farko babu komai a ciki, ga kuma sabon faifai a gefe ko taɓa shi ba a yi ba. Ta zauna a bencin tsohon. Shekara ashirin da biyu ba ta taɓa sa wasiƙa a ambulan ɗin da ba nata ba.

Ta same shi a ƙofar gida yana sauraron rediyo. Ta durƙusa ta faɗa masa komai, ba ta rage ba.

Ya kashe rediyon. "Na farkon? Mai wannan maganar?"

"Shi, Baba."

"To, shi ke nan. Ai ni na faɗa, ba ke ba. Tashi, 'yar nan."

Ta karɓi lambar wayar 'yar tasa a wurinsa. Ta buga sau uku, ba a ɗauka ba. Ta koma shago, ta zuba na bakwai a faifai, ta duba shi sau biyu, ta haɗa da sauran biyar, ta ba tela makulli, ta nufi tasha.

Ta tarar da 'yar a bayan tagar ba da magani, cikin farar riga, idanunta a kumbure.

"Anti, in don saƙon ne, na karanta. Da bai wahalar da ke ba. Na daɗe da sanin abin da ke ransa."

"Abin da ke ransa wata biyu da suka wuce kika karanta. Kuskurena ne. Kuna da kwamfuta a nan?"

A wani ɗan ofishi mai warin magani ta jera faifan a tebur. 'Yar ta miƙa hannu ga na bakwai, Sakatariya ta dafe shi.

"A'a, bi su a jere. In na ba ki na ƙarshe kawai, cewa za ki yi ni na gyara don in wanke kaina. Waɗannan ba sa gyaruwa, kuma kowanne kwamfuta za ta nuna miki ranar da aka zuba shi. Shafi na arba'in."

Haka ta bi su, faifai na shiga yana fita. A na uku ta taɓe baki. A na biyar ta yi 'yar dariya ta ce, "Hanya kuma! Lafiya lau hanyar take." Da ta kai na bakwai sai ta karanta, ta koma sama ta sake. Sakatariya ta juya tana karanta kalandar bango kamar an aike ta.

Ranar Litinin tsohon ya zo shago kamar kullum, bai tambayi komai ba. Ko gama gaisawa ba su yi ba 'yar ta shigo da jaka a kafaɗa, ta zauna a ɗaya gefen bencin.

"Baba, akwai kuskure a littafinka."

Ya juyo da fuska inda muryar take. "A ina?"

"Ka ce sau huɗu na bugo. Sau tara ne. Kuma ranar Alhamis Mama ta karɓi wayar da kanta, ita ma ta ce min da sauƙi. Ba kai kaɗai ka ɓoye ba."

Tsohon ya goge ido da bakin hannun riga.

"Sakatariya, kin ji. Rubuta yadda ta faɗa."

"Daga ina zan fara?"

"Tambaye ta. Shafin nata ne." Ya matsa ya ba 'yar wuri kusa da kwamfutar.