Goran Maigidana a Ɗakin Bakin Ruwa

Ban iya rubutu ba. Ina faɗa ne, 'yar maƙwabciyata tana rubutawa. Na roƙe ta in kuka ya sarƙe ni ta jira, kada ta ƙarasa min magana.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, albasa yake sayarwa a kasuwar Bodija da ke Ibadan, amma ɗan bakin gulbi ne can arewa. Shi da abokansa 'yan garinsu duk a cikin ruwa suka tashi. Ibadan ta ba su abinci, ba ta ba su gulbi ba. Da rani ya yi sai su taru a zaurenmu nan unguwar Sabo suna labarin kifi kamar masu zaman makoki.

Wata rana ɗaya daga cikinsu, direban babbar mota, ya dawo ya ce ya ga wani ruwa a bayan gari, bayan gonakin koko. Suka ɗauki goro suka je wurin bale, wato dagacin ƙauyen Yarbawan da ke wajen. Ya ba su fili a bakin ruwan, da sharaɗin kifin farko na kowace shekara nasa ne. A zaurenmu aka kafa ƙungiyar. Ni ina bayan katanga ina suyar ƙosan sayarwa, komai a kunnena.

Mota ba ta kaiwa wurin, don haka a ka suka ɗauki katako da tsohon kwanon rufi da suka samo a Mokola. 'Yan kasuwa ne, ba magina ba. Iskar farkon damina ta kwashe rufin, suka tsinci kwano ɗaya a kan bishiyar koko. Suka sake. Ni na riƙa yi musu dambu suna tafiya da shi, ni kuma na ɗinka labulen ƙofa da wani shuɗin zanena.

Ɗaki ɗaya ne. Kowane ɗan ƙungiya yana da ƙusa a bango, inda yake rataye homarsa ta kamun kifi da goransa, wato babban duman nan da masunci ke kifa ciki a kai ya yi iyo. Mai ƙusa yana da wurin shimfiɗa tabarma da rabon kifi. Suka ce mace ba ta zuwa, saboda a nan maza ke tuɓe riga.

Ba a daɗe ba wasu suka mai da wurin na cin gasasshen kifi kawai. Abin ya ɓata wa maigida rai. A zaure na ji ya ce, "Duk goran da ya shekara bai taɓa ruwan nan ba, a sauke shi, a ba wani ƙusar."

Direba ya ce, "To Sarkin Ruwa, da wa kake?"

"Da kai nake. Kai da kake shiga iya gwiwa kana salati."

"Gwiwar ai tawa ce. Goran dai ya jiƙe ko bai jiƙe ba?"

Aka yi ta dariya, aka amince. Ni ma na yi dariya a bayan katanga. Da na san inda dokar nan za ta sauka, da na leƙa na ce masa ya yi shiru.

Duk shekarun nan ban taɓa ganin ɗakin ba. In ya dawo yana ƙarnin kifi sai in ce, "Maigida, labulena yana nan?" Ya ce, "Yana nan, shi ke fara gaishe mu." Yakan ce zai kai ni ranar da babu kowa. Ranar ba ta zo ba. Ko haihuwa, ko albasa ta iso, ko baƙi.

Da ɓarin jikin maigida ya shanye, direba ne yake sauke goransa kowane rani ya tsoma a ruwa ya mayar. Sauran suka kau da kai. Bayan maigida ya rasu ma bai daina ba. Yakan tsaya a zaure ya ɗaga murya, "Uwargida, mutuminki ya yi wanka bana." Sai in ji kamar maigida ya tafi bakin ruwa ne, bai dawo ba tukuna.

Bara direba shi ma ya rasu. Na kira ɗanmu da ke Legas a waya. Shi a Sabo aka haife shi, ko kwatami ya cika tsoro yake ji. Na ce ya zo ya tsoma goran ubansa sau ɗaya. Ya ce, "Mama, no vex, ki yi haƙuri, aiki ya yi yawa. In sha Allahu baɗi." Ban iya yi masa bayanin cewa babu baɗi ba.

Da rani ya wuce, shugaban ƙungiyar na yanzu ya zo. Ɗan kirki ne, ya durƙusa har ƙasa. Ya ce bango ya cika, ga matasa suna jiran ƙusa.

Na ce, "Ɗana, ka sa ni a keke ka kai ni. Da hannuna zan tsoma."

Ya sunkuyar da kai. "Iya, mace ba ta zuwa. Su Baba ne suka sa."

"To kai ka tsoma masa."

"Iya, ai na so. Amma akwai goruna irin nasa da muka riga muka sauke. Me zan ce wa 'ya'yansu? Kuma dokar daga bakin Baba ta fito."

Ni na ji lokacin da ta fito.

A keke aka kawo min goran, da homar a naɗe. Ya bushe, igiyar wuyansa ta yi tsatsar ƙusa. Kafin yaron da ya kawo ya tafi na tambaye shi labulen ƙofa, shuɗi. Ya yi tunani, ya ce shi tun da ya shiga ƙungiya ƙofar ƙarfe ya tarar.

Goran yana nan a kusurwar ɗakina. Na ɗebi ruwan rijiya a baho na tsoma shi, na san ba ruwan da ake nufi ba ne. Ya tashi sama yana juyawa, ni kuma na zauna a gefen bahon ina kuka har aka kira la'asar.