Gwangwanin Ungulaye

Wata Laraba ce, ranar Kasuwar Shanu, a daminar da na shiga aji uku, Kaka ya kama ni ina ƙirga shanunsa. Fura na kai masa daga gidanmu na Dogo Tebo a Potiskum, sai na tsaya ina nuna su da yatsa, bakina na motsi. Bai taɓa dukana ba, amma ranar ya buge min hannu. "Amarya, ba a ƙirga abu mai numfashi," ya ce, "raguwa yake yi." Shi bai san adadin garkensa ba, amma kowace saniya ya san sunanta da na uwarta.

Ni kuwa Allah ya yi ni da jarabar ƙirga. Ina shara ina ƙirga kaji, ina jan ruwa ina ƙirga guga, ko a 'yar carafke ƙawayena sun gaji da ni. Da aka hana ni shanu sai na koma kan ungulayen da ke sauka a tsamiyar bayan kwata, inda ake yanka, tunda su dai ba na kowa ba ne. Don kada bakina ya furta lamba na yi dabara: ungulu ɗaya, tsakuwa ɗaya cikin gwangwanin madara. Gwangwanin kan cika har ya zube. Mahauta na yi min dariya, Kaka na cewa amaryarsa ta rasa ƙawaye sai masu sanƙo irinsa. Shekarar da zan gama firamare tsakuwar ta tsaya a rabi. Na sha kuka a bayan rumbu, ban gaya wa kowa ba, don na tabbata ni na cinye su da ƙirga.

Wannan tsoron ne ya kai ni karatun ƙididdiga. Yau aikina ke nan: ina bin dazuzzuka da ma'aikatan gandun daji, muna ƙidaya itatuwa da tsuntsaye da sawun namun daji, in koma ofis in lissafa abin da ya rage. Na gane ba yatsana ba ne ya cinye ungulayen. Guba ce, da masu kama su don magani, da gatarin masu gawayi. Sanin bai rage min zafi ba.

Bara aiki ya kawo ni Potiskum. Kwana uku ina zaune bayan kwata da takarda da biro. Tsamiyar ma babu, masu keke napep ke fakin a wurin. Na je gaida Kaka, idonsa ya tafi, shanun ma an sayar.

"Amarya, ungulu nawa kika samu?"

"Ko ɗaya, Kaka."

Ya ce, "Gara da kika ƙirga. Ni ban ma san ranar da suka tafi ba."

Gwangwanin na nan kan teburina. Da ba ya ɗaukar tsakuwar yini guda, yanzu ko na girgiza shi ba ya yin ƙara. Na samu izinin Kaka, amma abin ƙirgawar ya riga ya tafi.