Kukar Kawu Ɗanlami da Kofin Sitti

Shekara uku ke nan da rasuwar Kawu Ɗanlami, ƙanin mahaifiyata. Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Abin da ya bari a saman rufinmu na unguwar Waziriyya, nan ƙasa mai tsarki, shi ne bishiyar kuka da tsawonta bai kai gwiwata ba, a cikin tukunya mai kama da farantin shinkafa. Bonsai ake ce wa abin: a datse saiwa, a datse reshe, a naɗa waya, har bishiya ta tsufa ba ta girma ba. Wani alhaji ne ya kawo masa irin daga Katsina, garin da shi Kawu bai taɓa takawa ba. Nakan ce masa ganyenta kaf ba zai ishi ɓera miya ba, ya biyo ni da almakashi.

Da ya rasu, aka ce ni zan kula da ita. Amma Sitti, kakata wadda ta haife shi, ta riga ni. Kullum bayan asuba takan ja gwiwoyinta har sama da kofin zamzam, ta yi masa addu'a, ta tuttule a gindin kukar. Ta ce shayar da itace sadaka ce, ladan na Ɗanlami. Da 'yan'uwan mamata suka ji, duk wadda ta zo ziyara sai ta zuba nata. In ka leƙa tukunyar sai ka rantse kifi muke kiwo.

Bara da sanyi ya shigo, ganye ya zube, gindi ya yi laushi kamar dafaffen dankali, har da wari. Na ce matambayi ba ya ɓata, na shiga zauren masu bonsai a waya. Nan na ɓata. Wani ya ce taki, wani ya ce ɗaki mai sanyi, wani ya yi mini ta'aziyya tun ba a mutu ba.

Sai na rungume ta zuwa wurin Ammu Yusuf, dattijo ɗan Indonesiya mai sayar da tsirrai, abokin Kawu. Ya zazzage ta, ya shinshina. Ya ce kuka a cikinta take ajiye ruwa. In ta zubar da ganye barci take, ba a ba ta komai sai ta farka. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma Ammu ba Bahaushe ba ne: ya yanke fiye da rabin saiwar, ya mai da sauran cikin busasshiyar tsakuwa.

"Halas, shi ke nan," in ji shi. "Ko ɗigo, sai ta yi toho. Ka gaya wa mai zubawa."

Ni da bakina bai taɓa gajiya ba, na rasa ta inda zan fara. Da safe na tare Sitti a matakala, na ce ashe za ta kashe bishiya da zamzam, abin da ba a taɓa ji ba. Na ɗauka za ta zage ni kamar kullum. Ta dubi kofin.

"To, maigidana, yanzu me zan riƙa kai masa?"



Kukar ta yi toho da zafi ya dawo, amma ta gefe ɗaya. Ɗayan ya bushe ƙurmus. Ammu ya ce a bar shi haka, tabo ma ado ne. Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce. Zai yi murna da tohon, na sani. Amma shi da ba ya iya jin tarin uwarsa bai tashi ba, ina jin da ya ce a bar ta ta zuba, bishiya ta ruɓe.

Don Sitti ba ta ƙara hawa sama ba, ko bayan an ce yanzu ana iya ba da ruwa. Ta ce gwiwa ce. Da can ma da gwiwar take hawa.

Na ceto masa rabin bishiya, na raba uwarsa da hanyar da take zuwa wurinsa. Yanzu bayan asuba a bakin gado take zama, ta yi addu'arta a kan kofin, ta ƙwala mini kira. In na zo ta miƙo, ta ce in shanye duka, ladan na Ɗanlami. Ba na jin ƙishi a lokacin. Ina shanyewa.